Wutar da Ta Ƙi Mutuwa a Ɗakin Mai Ɗinki

Da hantsi katin wutar Mai Ɗinki ya ƙare. Kekenta ya tsaya a tsakiyar wuyan riga, ƙwan ɗaki ya mutu, fanka ta yi juyin ƙarshe ta tsaya. Amma a ƙuryar ɗakin, inda mahaifinta yake kwance, na'urar da ke tura masa iska ta hanci ta ci gaba da gunjinta, ko gezau ba ta yi ba. Ita hankalinta na kan rigar mutane, ba ta lura ba. Wanda ya lura shi ne wani matashin ma'aikacin kamfanin da ke sayar mata da wuta, wanda ya shigo gidan hayar duba mitoci. Ya ga mitarta ta mutu murus, ya kasa kunne ya ji na'ura tana aiki a ɗakin da bai kamata a sami ko ɗigon wuta ba. Kafin rana ta take, magana ta game gidan da maƙwabta: Mai Ɗinki satar wuta take yi.

A yankin kamfanoni da dama ne ke sayar wa gidaje wuta, kowa ya zaɓi wanda ya yi masa. Amma hukuma ce ke yanke farashi, ita ke ba da rangwame, kuma dokarta ta hana kamfani taɓa wutar gida bisa zargi sai ta aiko nata mai bincike ya tabbatar. Wanda ta aiko ranar dattijo ne siriri mai furfura a gemu. A ofis ba a kiransa da komai sai Mai Sawu, domin yadda wasu ke bin sawun dabbar da ta ɓata, haka yake bin waya har ya ga inda ta fito.

Ya tarar da tsakar gida cike da mutane, kowa na magana ƙasa-ƙasa. Ɗakunan haya jere suke ƙarƙashin rufi ɗaya, mitocinsu kuma a bango kusa da ƙofar shiga.

"Ni dai a raba ni da abin kunya," in ji mai gidan, yana share gumi. "Tun da na gina gidan nan ba a taɓa kawo mini hukuma ba."

"Baba, aikin ba shi da wuya," ɗan kamfanin ya ce wa Mai Sawu. "A kashe mitocin nan ɗaya bayan ɗaya. Wadda aka kashe na'urar ta tsaya, an gano. In an kashe duka ba ta tsaya ba, to daga falwayar waje ake jawowa."

Gaskiya ya faɗa. Haka Mai Sawu da kansa ya saba yi. Amma ya ce bari ya fara gaida mara lafiya.

Ɗakin ƙarami ne, a share tsaf, yadudduka a jere a kan igiya. Tsohon na kwance rigingine, siririyar roba a hancinsa, ƙirjinsa na hawa da sauka da ƙyar. 'Yarsa na tsaye jikin keke, almakashi a hannu, kamar ta manta tana riƙe da shi.

"Baiwar Allah, in na'urar nan ta tsaya fa?"

"Likita ya ce huhunsa ya gaji, Yallaɓai. In ta tsaya, kafin ka nemi takalminka leɓensa ya canza launi. Kuma tsohuwa ce. In aka kashe ta, ba lallai ta tashi nan take ba, wani lokaci sai an yi ta lallashinta."

Mai Sawu ya fito ya dubi matashin. "Ba za a kashe komai ba. Ka ba ni zuwa la'asar."

"To, Baba. Amma ka sani, ba ni nake ba da umarni ba. In la'asar ta yi ba a san mai wayar ba, an ce in cire mitarta in rufe soket ɗin."

*

Ya koma ɗakin ya zauna a kujerar da masu awo ke zama. Bai tambaye ta ko ta yi ba. Ya daɗe da sanin cewa mai laifi da marar laifi amsa ɗaya suke bayarwa ga wannan tambaya. Sai ya ce ta ba shi labarin wutarta.

"Da can muna tare da tsohon kamfani," ta ce. "Baba na samun rangwamen marasa lafiya. Sai wata ta zo da rigar wannan sabon, bakinta kamar an zuba zuma. Ta ce farashinsu ya fi sauƙi, kuma rangwamen zai biyo mu, ba sai na je ko'ina ba. Na koma. Ashe na shiga uku. Kati ya riƙa ƙarewa kamar ana zuƙe shi da baki. Wata rana ya ƙare na tafi kai ɗinki. Na dawo na tarar maƙwabta sun cika ɗakin nan suna yi masa fifita, idonsa ya kafe."

Ta ajiye almakashin.

"Bayan wannan da 'yan kwanaki sai na ga kati ya fara daɗewa. Na ce alhamdu lillahi, rangwamen ya iso. Har addu'a na yi wa matar nan."

"Ba ki je kin tambaya ba?"

"Yallaɓai, wa ke barin aikinsa ya tafi ofis tambayar me ya sa aka sauƙaƙa masa?"

Mai Sawu ya juya wajen gadon. "Baba, kai fa? Ba ka ga wani ya taɓa bangon nan ba?"

Tsohon bai motsa ba. Idanunsa a rufe suke, amma irin rufewar da ake matsewa da gangan. Mai Sawu ya yi renon yara, ya san barcin ƙarya in ya gan shi. Ya yi masa addu'ar sauƙi ya fita.

*

Falwayar waje ya fara dubawa. Babu ƙugiya, babu wayar da ta sauko ba bisa ƙa'ida ba, babu ko alamar an hau. Ya ari tsani ya leƙa cikin silin ta ƙofar da ke baranda. Zafi ya dake shi a fuska. A can saman ɗakin Mai Ɗinki ya ga abin da yake nema: an raba wayar soket ɗin da layinta, an naɗe bakin da kyau, an jona wata sabuwa. Ba a naɗe haɗin da salatif ba, da yankin robar taya aka ɗaure shi tamau. Ya bi sabuwar wayar da tocila har ta shige cikin wani bututu tare da wayoyin sauran ɗakuna, ta nutse cikin bango.

Ya sauko ya tsaya gaban mitocin. Kowace na ƙifta jan idonta, alamar ana shan wuta. Rabin ɗakunan a kulle suke, masu su sun tafi aiki sun bar abubuwa a kunne, saboda haka ƙiftawar ba ta gaya masa komai ba. Abu ɗaya dai ya tabbata: wayar ba ta bar gidan ba. Kuma ba doguwa ba ce. Ɗakuna biyu ne ke jikin na Mai Ɗinki, ɗaya a dama, ɗaya a hagu.

Na dama na Mai Ƙanƙara ne, wata ƙaƙƙarfar mace mai sayar da ruwan sanyi. Tun kafin ya yi sallama ya ga kulolinta a ƙofa, kowace an ɗaure murfinta da robar taya. Mutanen gidan ma ita suka fi zargi: ai ƙanin mijinta gyaran wuta yake yi, ai ita da Mai Ɗinki kamar 'yan ciki ɗaya suke.

"Shigo, Malam, shigo ka kama ɓarauniya," ta ce, tana miƙa masa ruwa mai sanyi. "Na ji an ce ni ce. Ka duba ƙarƙashin gado ma, ko na ɓoye falwaya."

"Robar nan fa, Hajiya?"

"Wurin mai faci kowa ke ɗiba. Har mai gida da ita ya ɗaure famfo, je ka kama shi."

"An ce ƙanin mijinki ya iya wuta."

"Wannan? Ƙwan lantarki ya zo canza mini, sai da muka kwana biyu a duhu." Ta sassauta murya. "Malam, ka ji tsoron Allah a kan yarinyar nan. Ita kaɗai ce gare shi. Da firjin nan nawa ba shi ke ciyar da 'ya'yana ba, wallahi da na ba ta wutata."

Ya sa ta zare firjin na ɗan lokaci, ya leƙa waje. Mitarta ta yi shiru, na'urar tsoho kuwa na ta gunjinta ta bayan bango. Ba ita ba ce.

*

Ɗakin hagu na wani tsohon direban babbar mota ne da ya ajiye aiki, yake zaune shi kaɗai. Tun da maganar ta fito muryarsa ta fi ta kowa tashi a tsakar gida, yana cewa a bar ɓata wa mutane lokaci, kamfanonin ne manyan ɓarayi. Mai Sawu ya same shi zaune a tabarma da singileti, yana fifita da kwali.

"In tambaya ce, ban ga komai ba, ban ji komai ba," in ji shi. "Abin da nake ji kawai gunjin injin wancan tsohon. Ya hana ni barci, ya ƙi warkewa, ya ƙi tafiya."

"Kun daɗe tare?"

"Tun yana da haƙora."

Mai Sawu ya roƙi ruwa, ko da yake bai daɗe da sha ba. Direban ya jawo jarka daga bayan ƙofa ya tsiyaya masa. Ruwan ɗumi ne, kamar an ɗauko shi daga rana. A kusurwar ɗakin kuwa ga firji babba a tsaye, mai kyau, irin wanda mutum ke saya da kuɗin sallama. An sa tsumma an tokare ƙofarsa don kada ya yi wari. Ta 'yar kafar ƙofar firjin, Mai Sawu ya hango kaya a ninke a kan shantukan, da takalmi a ƙasa. An naɗe wayar firjin an rataye a ƙusa. Ya ɗaga kai: fankar sama a tsaye, a wannan zafin. Rediyon da ke gefen tabarma da batir yake aiki.

"Firjin ya lalace ne?"

"Likita ya hana ni sanyi."

"Fankar ma?"

"Ita ma."

"Allah ya ƙara lafiya," in ji Mai Sawu. Ya shanye ruwan ɗumin tas, ya yi godiya.

Ya koma gaban mitocin. Ta ɗakin direban tana ƙiftawa a kai a kai, ba gaggawa, ba tsayawa, kamar numfashi. Ya daɗe yana kallonta. A shekarun aikinsa ya bi wayoyi da yawa, kuma kusan kullum ƙarshen waya mutum ne da ke son samu a banza. Bai taɓa shirya abin da zai faɗa ba in ƙarshenta ya zama akasin haka. Aka kira salla, ya tafi ya yi, ya roƙi Allah ya sa kada gaskiyar da zai faɗa ta cutar da wanda bai cancanta ba.

*

Bayan la'asar ya tara su a ƙofar ɗakin Mai Ɗinki, ya sa aka ɗaga labule domin tsohon ya ji. Mai gida ya zo, Mai Ƙanƙara ta zo da hannu a ƙugu, ɗan kamfani ya zo da jakar kayan aikinsa. Direban ya tsaya can baya yana gunaguni.

"An kira ni a kan sata," Mai Sawu ya ce. "Na duba falwaya, na duba silin. Ba a saci wuta a gidan nan ba. Duk abin da na'urar nan ta sha, ta cikin mita ya bi, kuma an biya kuɗinsa. Mitar ce kawai ba ta Mai Ɗinki ba."

Ya dubi matashin. "Samari, leƙa ɗakin hagu ka gaya mini abin da ke kunne."

Ya leƙa ya dawo. "Babu komai, Baba."

"Je ka dubi mitarsa."

Ya je. Ya tsaya a gabanta, kowa ya ga jan idonta yana ƙiftawa.

Mai Ɗinki ta juya a hankali. "Baba Direba?"

"Me kuke kallona? Mita ce ta lalace. Kullum ina faɗa, kayan kamfanin nan—"

"Ƙarya yake yi." Muryar daga kan gado ta fito, siririya, tana yankewa. Tsohon ya buɗe ido. "Ranar da kika tafi sayen zare... ya hau silin kamar biri. Na ce masa in ya faɗo kaina... ba zan yafe ba."

"Kai dai ba ka iya riƙe magana ba, tsohon banza," in ji direban. "Da na sani na bar ka."

Mai Ƙanƙara ce ta fara dariya, sannan ta ja bakin mayafi ta rufe fuska.

"Amma me ya sa ba ka gaya mini ba?" Mai Ɗinki ta tambaya.

"In gaya miki ki ce a'a? Na san ki, na san ubanki, girman kai iri ɗaya." Ya kau da kai. "Ranar da katinki ya ƙare, ni na fara jin injin ya yi shiru ta bango. Na yi shekaru a hanya, 'yata. Na san ƙarar inji in zai mutu, na san ta mutum. Ban so in sake ji ba. Waya ce kawai, na sha haɗa wadda ta fi ta a daji."

Mai Sawu ya ci gaba, domin aikinsa bai ƙare ba.

"Dole in faɗi sauran. Jona layin wani kamfani da ɗakin da ke ƙarƙashin wani laifi ne, kuma akwai tara. Zan rubuta, ba zan ɓoye ba. Zan kuma rubuta dalilin, in roƙi sassauci, amma ba ni ke yankewa ba. Kuma wayar ba za ta kwana ba. Roba tana narkewa, Malam Direba, silin ba ƙarƙashin mota ba ne. Gidan nan da yara."

Sannan ya juya wurin ɗan kamfanin.

"Samari, duba mana a wayarka. An yi wa ɗakin nan rajistar mara lafiya a wurinku?"

Matashin ya duba, ya sake dubawa. "Ba a yi ba, Baba. Rangwamen ba ya bin mutum in ya canza kamfani, sai an sake nema. Masu tallanmu a kan kowane gida da suka kawo ake biyansu, ba kowa ke tsayawa bayani ba." Ya dubi Mai Ɗinki. "Yaya, ki yi haƙuri. Da an yi, ko katinki ya ƙare ba a isa a ɗauke miki ba."

"Me doka ta ba ka ikon yi yanzu?" in ji Mai Sawu.

"Zan iya saka mata wutar gaggawa nan take, in buɗe rajistar. In ta kawo takardar likita gobe, shi ke nan."

"To, saka."

Ya danna lambobi a jikin mitar. Ƙwan ɗakin ya kama, fanka ta fara juyawa. Saura abu ɗaya, wanda Mai Sawu ya ƙi yi tun zuwansa. Kafin a mayar da soket ɗin kan layinta, dole na'urar ta tsaya.

Ya shirya komai kafin ya taɓa komai. Ya fere bakin wayoyi, ya jera kayan aiki a gefen ƙofar silin, ya tsayar da matashin gaban mitocin. Mai Ƙanƙara ta kawo faifai, Mai Ɗinki ta tallafo kan mahaifinta. Direban ya shigo ba tare da an kira shi ba, ya durƙusa a bakin gadon da kwalinsa.

"Bismillahi," in ji Mai Sawu daga sama. "Kashe."

Gunjin ya ɗauke. Ɗakin ya yi shiru irin wanda bai yi ba tun watanni, ba a jin komai sai ƙarar fifita da jan numfashin tsohon. A cikin zafin silin yatsun Mai Sawu na santsi da gumi. Ya yanke robar, ya zare wayar direban, ya haɗa ta asali, ya ɗaure, ya naɗe.

"Kunna."

Ba abin da ya faru. Mai Ɗinki ta danna maɓallin na'urar, ta sake dannawa, leɓunanta na motsi da addu'a.

"Ba haka ake mata ba," in ji direban. Ya ɗan karkatar da na'urar, ya buga mata tafin hannu a gefe, irin bugun da ake yi wa mota mai gardama. Ta yi tari, ta yi shiru, sannan ta kama.

Mai Sawu ya sauko a hankali. Ya tsaya a bakin ƙofa har ya ga ƙirjin tsohon ya daidaita, launi ya dawo masa a leɓe. Tsohon ya ɗaga yatsa ya yafito direban, ya sa ya kawo kunne kusa.

"Tarar nan," ya ce da ƙyar, "rabi nawa ne. Da ka buɗe soket ɗin nan, ni na riƙe maka tocila."